An keɓe shi a gidan kaso, shin hakan zai sa a rage masa hukunci?

Wasiƙar da ta zo mana:

"Assalamu alaikum. Ni mace ce mai ƴaƴa huɗu, ina zaune a Tawa, maigidana kuma yana ci-rani a Abijan. Shekara biyu da suka wuce wani maƙwabcinmu, mutumin da yarana suke kira kawu, ya yi wa ɗiyata fyaɗe tana da shekara tara. Mun kai ƙara, likita ya ba da takarda, aka yi shari'a, aka yanke masa ɗaurin shekara 15. Yanzu ya ɗaukaka ƙara. Makon jiya wansa ya zo gidanmu da dattawa biyu, ya ce tun da aka kai shi gidan kaso sauran fursunoni suka yi masa duka har suka karya masa haƙarƙari, don haka aka keɓe shi a wani ɗaki shi kaɗai, ba ya ganin rana sai kaɗan. Ya ce lauyansu ya tabbatar musu cewa a ƙasashen Turawa shekara ɗaya a irin wannan ɗaki daidai take da biyu, kuma kotu za ta sake shi ko ta rage fiye da rabi, saboda haka gara in sa hannu a takardar yafewa tun yanzu a rabu da mutunci, su kuma su ba mu jika ɗari biyar. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Gaskiya ne za a sake shi saboda an keɓe shi? In ya dawo unguwa, ina zan kai ɗiyata?"

Uwar yarinya, Tawa

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba ɗiyarki lafiyar jiki da ta zuciya, ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi, domin na san irin maganganun da ake jefa wa mace a unguwa idan ta ƙi yarda a binne irin wannan al'amari a cikin ɗaki. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a. Keɓe mutum a gidan kaso don kare lafiyarsa ba ya buɗe masa ƙofar fita, kuma dokar Nijar ba ta ce a lissafa wa wanda aka keɓe shekara ɗaya a matsayin biyu ba. Kada ki sa hannu a kowace takarda kafin lauyanki ya karanta miki ita. Sauran bayanin yana da ɗan tsawo, amma ina so ki bi shi har ƙarshe, saboda maganar da wan mutumin ya kawo tana da ɗan tushe, sai dai an hura ta har ta ninka girmanta, kuma wanda bai san girmanta na asali ba dole ta ba shi tsoro.

Cewa an doke shi a ciki abu ne mai yiwuwa ƙwarai. Kusan a ko'ina a duniya, wanda aka ɗaure saboda ya taɓa yaro shi ne ƙasƙantacce a idon sauran fursunoni, har ɓarawo da mai kisan kai suna ganin sun fi shi daraja. A Ingila akwai ƙa'ida ta 45 a dokokin gidajen kaso na 1999, wadda ta ba shugaban gida ikon raba fursuna da sauran jama'a don amfanin kansa, kuma suna da sassa na musamman na waɗanda ake jin tsoron a cutar da su. A Amurka, wani tsohon limamin coci mai suna John Geoghan, wanda aka ɗaure kan cin zarafin yaro, wani fursuna ya kashe shi a shekarar 2003 alhali yana cikin sashen kariyar kansa. A nan gida kuwa, inda gidajen kaso suke cike maƙil, kuma na Yamai da aka gina tun zamanin mulkin mallaka yake ɗauke da mutane ninkin ba ninkin abin da aka gina shi dominsa, keɓewar takan zama ɗan ƙaramin ɗaki ne kawai, ko kuma a mayar da mutum wani gari.

Zan faɗa miki wata magana da wataƙila ba za ta yi miki daɗi ba a halin da kike ciki. Alƙalai sun yanke masa shekara 15 ne, ba su yanke masa karayar haƙarƙari ba, kuma hukumar da ta kulle shi ita ke da nauyin tsare ransa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka amince da su a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun kira rufe mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata mu'amala ta kirki da mutane ba zaman kaɗaici, sun kuma hana a zarce kwana 15 a jere ana yi masa haka. Idan har abin da ake yi masa ke nan, yana da haƙƙin ya koka. Waɗanda suka doke shi ma ba su taimake ki da komai ba, sun dai miƙa wa lauyansa abin faɗa a gaban kotu. Abin da ya rage a duba shi ne nauyin wannan abin faɗa.

Maganar "ƙasashen Turawa" da aka kawo miki ta fi kama da abin da kotunan Ostareliya suka daɗe suna tattaunawa. A shekarar 1999, a wata shari'a da ta kai Kotun Ƙoli ta ƙasar, wadda ake kira shari'ar AB, ta wani tsohon malamin makaranta da aka kama da laifukan lalata da yara, Mai Shari'a Michael Kirby ya bayyana cewa sanannen abu ne shekarar da aka yi a tsare cikin kariya tana daidai da lokaci mai tsawo fiye da haka a zaman kaso na yau da kullum. Lauyoyi suka riƙe wannan magana, har ta kai duk wanda aka kama da laifi irin wannan sai lauyansa ya miƙe ya ce ai za a keɓe shi, a rage masa. To amma labarin bai tsaya nan ba, kuma sauran ne ba a gaya miki ba. A 2003 da 2004, kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka ta jihar New South Wales, a shari'o'in Durocher-Yvon da Mostyn da Way, ta ce ba za a ci gaba da ɗauka kai tsaye cewa zaman kariya ya fi zaman gama-gari wahala ba, domin an samu gidajen kaso inda waɗanda aka keɓe suke fita fili, suke aiki, suke karatu, wani lokaci ma hankalinsu ya fi na sauran kwanciya. Daga nan nauyin ya koma wuyan mai laifi: shi zai kawo shaida kan awa nawa yake kulle, me aka hana shi, kuma har yaushe abin zai ɗore. A shari'ar Clinton ta 2009 an sake jaddada haka, kuma kotunan sun ƙi yarda a mayar da abin lissafi na "ɗaya daidai da biyu". Ke nan ko a ƙasar da maganar ta fi ƙarfi, abin da ake samu shi ne a sa wahalar a sikeli tare da sauran abubuwa, bayan an tabbatar da ita.

Akwai kuma bambancin da ni nake ganin hankali ya yarda da shi. Wanda aka keɓe saboda ya taimaki hukuma ya tona asirin ƴan fashi, wahalarsa ta samo asali ne daga wani alheri da ya yi wa jama'a, don haka ba abin mamaki ba ne a saka masa da ragi mai kauri. Wanda aka keɓe saboda munin abin da ya aikata kuwa, idan aka yi masa ragi mai yawa, an wayi gari ke nan munin laifin ya zama dalilin sauƙin hukunci, ta yadda wanda ya cuci yarinya ƴar shekara tara zai fita kafin wanda ya saci babur. Kotuna sun san wannan tarkon. A Kanada, a shari'ar Friesen ta 2020, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa wani mutum ɗauri daga shekara shida zuwa huɗu da rabi kan cin zarafin ƙaramar yarinya, sai Kotun Ƙoli ta mayar da shekara shidan, ta kuma ce hukuncin laifukan lalata da yara ya kamata ya ƙaru, saboda an daɗe ana raina irin ɓarnar da suke bari a rayuwar yaro. Duk waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Nijar ba, tunda tsarin shari'armu ya bi sawun na Faransa ne, inda rubutacciyar doka take gaba. Na kawo su ne don ki ga cewa ko a can ɗin da ake yi miki barazana da shi, iska ba ta kaɗawa ta inda suka ce.

Mu dawo gida. Dokar hukunta laifuka ta 1961, wadda aka yi wa babban gyara a 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe, idan kuma yarinyar ba ta kai shekara 13 ba, ɗaurin ya koma shekara 15 zuwa 30. Kin ga ke nan shekara 15 da aka ba shi ita ce matakalar ƙasa, ba a tsananta masa ba. Ba zan ɓoye miki ba, ɗaukaka ƙara a tsarinmu sake duba shari'ar ce, kuma alƙalai suna da ƙofar da ake kira dalilan sassauci, wadda ta cikinta suke iya sauka ƙasa da abin da aka yanke tun farko. Lauyansa zai yi ƙoƙarin shigar da maganar keɓewa ta wannan ƙofa, tare da cewa bai taɓa laifi ba, yana da iyali, ya yi nadama. Sai dai fatar baki ba ta isa. Zai buƙaci takardar likitan da ya duba karayar, da bayanin shugaban gidan kaso kan dalilin keɓewar da yanayinta. Ko ya kawo su, mai gabatar da ƙara yana da amsa a hannu, wato maganin ɗaki marar kyau shi ne a sauya ɗaki, ko a mayar da fursunan wani gidan kaso inda ba a san shi ba, wanda aiki ne na hukumar gidajen kaso da ma'aikatar shari'a. Keɓewa yanayi ne da kan iya ƙarewa watan gobe, ragin shekaru kuwa in an yi shi an yi ke nan.

Abu ɗaya da nake so ki bincika cikin wannan makon shi ne ko shi kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ko mai gabatar da ƙara na gwamnati ma ya ɗaukaka tasa. Idan shi kaɗai ne, kotu za ta iya barin hukuncin yadda yake ko ta rage, amma ba za ta ƙara masa ba. Idan ɓangaren gwamnati ma ya ɗaukaka, to ƙofar ƙari a buɗe take, kuma wanda ya tafi neman ragi yana iya dawowa da abin da ya fi na da. Ke a matsayinki na mai neman haƙƙin ɗiyarki, doka ta ba ki bakin magana ne a kan diyya, tsawon ɗauri kuwa maganar mai gabatar da ƙara ce. Wannan bai hana lauyanki ya tsaya ya bayyana wa kotu halin da yarinyar take ciki ba, kuma alƙalai mutane ne, abin da suka ji da kunnensu yana shiga sikeli.

Yanzu ga inda nake ganin haɗarin gaske yake, wato takardar da suka kawo miki. Ki tambayi kanki: idan lauyansu ya tabbata kotu za ta sake shi saboda ɗakin da yake ciki, me ya sa za su tara jika ɗari biyar su ɗauko dattawa biyu su zo zaurenki? Ruwa ba ya tsami banza. Sun san maganar keɓewa ba ta da nauyin da suke faɗa, kuma sun san takarda mai ɗauke da sa hannun uwar yarinya ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne janyewarki ba za ta kashe shari'ar ba, domin fyaɗe laifi ne da hukuma take bi da sunan al'umma, ko iyaye sun yafe ko ba su yafe ba. Amma ranar zama lauyansa zai ɗaga takardar sama ya ce ga shi iyalin sun huce, an sasanta, an biya, zaman lafiyar unguwa ya dawo, me ya rage? A lokacin ne maganar ɗakin keɓewa, wadda ita kaɗai ba ta isa ta ɗaga komai ba, za ta samu abin jingina. Wata takardar ma akan rubuta ta da Faransanci a saka kalmomin da ke nuna kamar ana shakkar abin da ya faru tun asali, mai sa hannu kuwa an gaya mata "yafewa" ce kawai.

Game da yafiya ta tsakaninki da Allah, wannan abu ne na zuciyarki, babu mai tilasta miki kuma babu mai hana ki, ba ta kuma buƙatar tambarin kowa. Sai dai ki tuna cewa wadda aka zalunta ita ce yarinyar, yau shekararta 11, kuma wata rana za ta girma ta tambayi abin da aka yi da haƙƙinta. Ki kira mahaifinta a waya ki gaya masa duk abin da aka faɗa da adadin kuɗin da aka ambata, tun kafin su riga ki zuwa wurinsa, domin masu irin wannan biko idan suka ga uwa ta ƙi sukan zagaya ta wurin uba ko kakanni.

A shekarun da na yi ina zirga-zirga a harabar kotu, abin da na fi gani yana kayar da iyalai a matakin ɗaukaka ƙara shi ne kujerar da babu kowa a kanta. Ba na manta wata mata da ta iso da goyo a bayanta da takardu a cikin baƙar leda, ta sha tafiyar mota tun asuba, aka gaya mata ai jiya aka yi zaman. An kai sammacin ne tsohon gidan da ta bari, wanda ya karɓa kuma bai neme ta ba. A zaman da aka yi babu ita, dangin mai laifi sun cika benci biyu, lauyansa ya yi magana son ransa, ɓangaren yarinya kuwa babu wanda ya miƙe. Ta zauna a gindin bishiya ta buɗe ledar tana nuna mini takardar likita, kamar ni ne zan iya mayar da jiya yau.

Don haka ki shirya tun yanzu. Ki je ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin da lambar shari'ar, ki tambayi ko an tura fayil ɗin kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa, ki bar lambar wayarki da ta wani ɗan'uwanki da kwatancen gidan da kike yanzu. Idan ba ki da lauya, ki nemi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don ba marasa ƙarfi taimakon shari'a kyauta, wadda take da ofisoshi a manyan kotunan jihohi, kuma yara da aka ci zarafinsu suna cikin waɗanda aka kafa ta dominsu. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN, ita ma tana ba da shawara a irin wannan. Ki adana takardar likita ta farko, da duk wata takardar magani ko ta ganin likita da ta biyo baya, da shaidar makaranta idan karatunta ya ja baya. Fiye da komai ki riƙe takardar haihuwarta da kyau, domin shekara 13 ita ce iyakar da ta raba ɗaurin da ke farawa daga 10 da wanda ke farawa daga 15, kuma lauyan da ya rasa mafita yakan koma ya yi jayayya a kan shekarun yarinya. Ki kuma sa lauyanki ya sanar da mai gabatar da ƙara, a rubuce, zuwan da aka yi gidanki da tayin kuɗin, da ranar da sunayen waɗanda suka zo. Lauyan zai iya roƙon a yi zaman a rufe ba tare da ƴan kallo ba, kuma a wadatu da bayanin da yarinyar ta riga ta bayar, kada a sake tsayar da ita ta maimaita.

Game da tsoronki na biyu, ɗaukaka ƙara ba ta sakin wanda yake tsare; yana nan a ciki har a yi zama, sai fa idan ya nemi sakin wucin gadi kotu ta amince, kuma wannan ma wani dalili ne na lauyanki ya riƙa leƙa fayil ɗin. Ki sani dai kwanakin da ya yi a tsare kafin hukunci ana cire su daga cikin shekarun, don haka lissafin ya fara ne tun ranar da aka kulle shi. Can gaba akwai sakin talala ga wanda ya ci wani kaso na hukuncinsa da halin kirki, akwai kuma ragin da shugaban ƙasa kan yi wa fursunoni, kamar wanda aka yi wa mutum 1,540 a watan Maris na 2020 lokacin annobar korona. Irin waɗannan dokoki na afuwa sukan zo da jerin waɗanda suka cancanta da laifukan da aka ware, saboda haka duk lokacin da kika ji an yi sanarwa a rediyo, ki sa a karanta miki takardar kafin hankalinki ya tashi. Dokarmu ta kuma san hukuncin hana mutum zama a wani wuri bayan ya fito, kuma lauyanki zai iya jawo hankalin mai gabatar da ƙara a kan haka, tunda gidan mutumin yana jikin naku.

Idan dattawan suka dawo, kada ki karɓe su ke kaɗai, kada kuma a yi maganar inda yarinyar za ta ji, domin yaro yana tsintar magana ta bayan labule, kuma abin da za ta ɗauka shi ne ana wahalar da "kawu" saboda ita. Ki sa wanki ko ƙanin maigidanki ya zauna da su a zaure, a ba su ruwa, a gaishe su da girmamawar da ta dace da furfurarsu, sannan a ce musu magana tana hannun hukuma, duk mai takarda ya kai wa lauya. Ita kuwa ɗiyarki, idan ta riga ta ji wani abu, ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki cewa yana nan a kulle, cewa abin da ya same shi a can ba laifinta ba ne, kuma ranar zaman kotu ke za ki je, ita tana makaranta.